Sauron Zazzaɓi Ba Iri Ɗaya Ba Ne, Kuma Har Yanzu Yana Rabuwa

Ko wane manomi ya san ɓarnar da zazzaɓin cizon sauro ya ke yi. Ba ya tashi kayar da mutum sai lokacin da aiki ya fi yawa, ana tsakiyar noman farko ko maimai. Maigida ya kwanta kwana bakwai, ciyawa ta rufe gero, kuɗin da aka ajiye don taki ya tafi wajen magani. In yaro ƙarami ne ya kamu, sau da yawa abin ba ya tsayawa ga hasarar kuɗi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an kamu da wannan cuta sau miliyan 249 a duniya, mutum wajen 608,000 suka mutu, kuma fiye da rubu'in masu kamuwan nan a Nijeriya su ke.

A da, a ƙasashen arewa, sauro baƙon damina ne. Ya zo da ruwa, ya tafi da hunturu. Yanzu kuwa mutanen da ke zaune kusa da wuraren noman rani suna kukan cewa sauro ba ya barinsu barci ko da bazara, kuma maganin feshin da ke kashe shi a da ya daina kashe shi. Wannan kuka yana da tushe. Masu bincike sun gano sauron da a ke ɗauka iri ɗaya ne ashe iri-iri ne, kuma akwai waɗansu biyu da su ke cikin rabuwa har yau, ɗaya ya bi ruwan sama, ɗaya ya bi ruwan da manomi ya tare da hannunsa.

Kama Da Wane Ba Wane Ba Ce

Ba ko wane sauro ke kawo zazzaɓi ba. Wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross shi ne ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya a 1897, daga baya aka tabbatar dangin sauro guda ne ke ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, watau wanda likitoci ke kira Anofilis. Ana gane shi in ya sauka jikin bango, don ya kan ɗaga gindinsa sama, ba ya kwantawa daidai da bango kamar sauron kwata. Macen ce kaɗai ke cizo, don tana bukatar jini ƙwanta ya nuna. Namiji ruwan furanni ya ke sha.

Cikin dangin Anofilis, wanda ya fi ɓarna a Afirka shi ne wanda aka raɗa wa suna Gambiye a 1902, saboda a ƙasar Gambiya aka kamo wanda aka siffanta. Shekara hamsin da ɗoriya ana tsammani iri ɗaya ne tak daga Sanagal har zuwa bakin tekun gabas.

Farkon tonuwar asirin daga Lardin Sakkwato ya taso. A 1954 aka fara gwajin fesa magani a ɗakunan kwana a ƙauyukan da ke kewayen Birnin Kebbi. Kafin ƙarshen 1955 sai aka ga sauron ƙauyen Ambursa ya daina mutuwa da wani magani mai suna diyaldirin. Aka aika da ƙwan sauron nan Landan wurin wani mai bincike, George Davidson, don ya gano yadda a ke gadon wannan taurin. Ya riƙa haɗa aure tsakanin sauron wuri kaza da na wuri kaza cikin keji. Sai ya ga abin mamaki: waɗansu in an haɗa su, 'ya'yansu maza ba sa iya haihuwa.

Mai kiwo ba ya bukatar dogon bayani a nan. Jaki in ya barbari goɗiya, alfadari a ke samu, alfadari kuwa ba ya haihuwa. Wannan shi ne shaidar cewa jaki da doki ba iri ɗaya ba ne. To, haka Davidson ya gane cewa sauron nan masu kama ɗaya ba iri ɗaya ba ne. Zuwa 1964 ya rarrabe har iri biyar, uku masu ƙwai a ruwan daɗi, biyu a ruwan gishiri na bakin teku. Yau waɗanda aka ba suna cikin wannan zuriya sun kai tara, na baya-bayan nan a ƙasar Gabon aka same shi, aka ba shi suna a 2019. Ko an sa su a madubin likita, ido ba ya iya bambanta manyansu. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Arabiyensis, sananne ne a ƙasashen Hausa: yana jure fari, yana cizon shanu kamar yadda ya ke cizon mutane, kuma ya kan kwana a waje.

Abin Da Aka Koya A Garki

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi wani babban gwaji a ƙasar Garki, wadda a lokacin ta ke cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. An fesa ɗakuna da magani mai ƙarfi damina biyu, 1972 da 1973, a waɗansu ƙauyuka kuma aka haɗa da rabon ƙwayoyi. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina aikin kuma ya dawo.

Cikin masu neman dalili akwai wani malami Ba'italiye, Mario Coluzzi. Shi bai tsaya ga duban fukafukai da ƙafafu ba, zaren gado ya riƙa dubawa. A cikin jikin ko wane mai rai akwai waɗansu zarurruka ƙanana ƙwarai, a jikinsu a ke jere da abin da ɗa ke gada daga uwa da uba, kamar launi da tsawo da hali. Mutum yana da zaren nan tagwaye 23, sauro yana da tagwaye uku. Coluzzi ya ga a waɗansu sauro wani yanki na zaren ya juye, kansa ya koma gindi. Ya kuma ga wannan juyi yana tafiya da halin ƙasa: akwai wani juyin da kusan babu shi a kurmin kudu, amma ana yin arewa yana ƙaruwa, har a ƙasar fari kusan ko wane Gambiye yana da shi. Har wa yau ya ga masu wani tsarin zare sun fi son kwana cikin ɗaki, masu wani tsarin sun fi son fita waje bayan sun sha jini. Wanda ya sha jini ya fita bai taɓa bangon da aka fesa ba, ina magani zai same shi? Wannan yana cikin dalilan da suka hana aikin Garki kai wa ga yanke cutar.

Daga nan Coluzzi da wani malami ɗan ƙasar Mali, Yeya Touré, suka duba sauron Mali, suka sami Gambiye ya kasu gida uku a ƙauye guda, ba su cika auren juna ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda suka kira na Mopti, shi ne mai yawa a wuraren ambaliya da gonakin ban ruwa, yana hayayyafa har da rani.

Biyun Da Ke Rabuwa

Da aka sami hanyar karanta abin da ke jikin zaren gado harafi-harafi, sai a 2001 aka tabbatar Gambiye na Afirka ta Yamma gida biyu ne manya. A 2005 aka ga bambancinsu ya taru a 'yan wurare kaɗan na zaren, aka zaci sauran duk ɗaya ne. A 2010 Mara Lawniczak da abokan aikinta a Landan suka gwada zaren gidajen biyu tun daga farko har ƙarshe, suka ga bambancin ya bazu ko'ina, ya fi yadda a ke zato. Wani binciken da ya fito tare da nasu ya duba wurare kimanin 400,000 a jikin zaren, ya ƙarfafa maganar. A 2013 aka yanke shawara a ba ko wanne sunansa. Ɗaya ya riƙe sunan Gambiye, ɗaya aka raɗa masa Koluzi don tunawa da malamin nan, wanda ya rasu a 2012.

Abin lura shi ne, waɗannan biyu ba kamar jaki da doki su ke ba. In an kulle su keji guda suna barbarar juna, 'ya'yansu kuma suna haihuwa lafiya lau. Amma a daji, a yawancin Afirka ta Yamma, cikin sauro ɗari da kyar a sami ruwa-biyu guda ɗaya. Misalinsu ya fi kusa da gero da maiwa. Asalinsu ɗaya, suna kama da juna a kunya, amma da ya ke ba sa fid da kai lokaci ɗaya, ko wanne ya kan tsaya a kan irinsa.

To, me ya raba saurayen nan? Abu biyu ne manya: wurin aure da wurin renon 'ya'ya.

Sauro a sama ya ke aure. Da faɗuwar rana mazan su kan taru cincirindo wuri guda suna shawagi, kamar samari a dandali, mace ta shigo ta fita da miji. Wani malami ɗan Burkina Faso, Abdoulaye Diabaté, da abokan aikinsa sun bi taron nan a wani ƙauye na Mali, suka bayyana a 2009 cewa ko wane gida da dandalinsa. Mazan Gambiye a kan fili fetal su ke taruwa. Mazan Koluzi kuwa sai inda akwai alama mai bambanta da ƙasa, kamar bakin rijiya, ko tarin itace, ko inda ciyawa ta haɗu da turba. Mace da ya ke galibi sau ɗaya ta ke aure duk rayuwarta, dandalin da ta shiga shi ke yanke irin 'ya'yanta.

Wajen reno kuma, Gambiye ya fi son ruwan da ba ya daɗewa: sawun shanu, sawun mota, ɗan kwarin da ruwan sama ya kwanta. Tsutsarsa tana saurin girma, ta fashe kafin ruwan ya ƙafe. Koluzi kuwa ya fi son ruwa mai zama, kamar fangalin shinkafa da kududdufi da ramin da aka haƙa don yin tubali. Irin wannan ruwa cike ya ke da ƙwarin ruwa masu cin tsutsa, kuma gwaji ya nuna tsutsar Koluzi ta fi iya laɓewa ta tsira daga gare su. A Kwarin Ku, kusa da Bobo-Julaso, inda a ke noman shinkafa da ban ruwa tun wajen 1970, Koluzi ne ya cika tsakiyar gonakin, in an fita zuwa ƙauyukan tudu kuma sai Gambiye ya fi yawa da damina. A biranen Yawunde da Duwala na Kamaru, Koluzi ne ya kama tsakiyar gari, don ya fi jure ruwa mai dauɗa.

Ina Sauro Ke Zuwa Da Rani?

A ƙasar da a ke wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwa, an daɗe ana tambayar inda sauro ke shiga. A ƙarshen daminar 2008, Tovi Lehmann da Adama Dao da mutanensu suka shafa wa sauro kusan 7,000 alama a ƙauyen Thierola na Mali suka sake su. Bayan wata bakwai, da ruwan farko ya sauka, suka sake kama mace ɗaya da alamarta, tana da rai. Ga shi kuwa sauro ba ya wuce 'yan makonni a duniya. Ita wannan Koluzi ce. Da suka ci gaba da ƙidaya shekara da shekaru, sai suka ga Koluzi ya kan ɓarke da yawa cikin mako guda bayan ruwan farko, tun kafin sabon ƙwai ya isa zama sauro. Watau yana nan ɓoye yana jiran ruwa. Gambiye kuwa ya kan ɓace da rani ƙaf, sai damina ta kankama ya ke dawowa sannu-sannu.

Daga ina ya ke dawowa? Mutanen nan suka ɗaura raga mai danƙo jikin manyan balan-balan, suka ɗaga su sama mita 40 zuwa 290 da dare. A 2019 suka ba da labarin sun kama Anofilis iri-iri a can sama, yawancinsu mata da suka riga suka sha jini, kuma iska tana iya kai su har kilomita 300 a dare ɗaya. Wannan ya fi nisan Kano zuwa Kaduna. Saboda haka sauron wata ƙasa, da halinsa da taurinsa, yana iya sauka a wata.

Yadda Tauri Ya Tsallaka

Katangar da ke tsakanin gidajen biyu ba ta rufe ruf ba. A Gini Bisau an sami wuraren da fiye da ɗaya cikin biyar na sauron ruwa-biyu ne. Manomin gero ya san shibra, wadda ke fitowa in geron gida ya haɗu da na daji. Ta irin wannan kafa ce hali ke tsallakawa daga wani iri zuwa wani, ko da kafar ƙarama ce.

Ga abin da ya faru. Akwai wani ɗan canji a zaren gado wanda ke sa jijiyar sauro ta daina jin DDT da magungunan da a ke sa wa gidan sauro. A Afirka ta Yamma Gambiye ne aka fara samu da shi, musamman a ƙasashen auduga inda a ke yawan feshi, Koluzi kuwa ba shi da shi. A 2000 aka ba da labarin ya ɓulla jikin Koluzi a Jamhuriyar Benin, kuma binciken zaren ya nuna daga Gambiye ya aro shi ta hanyar barbara. A Mali ya bazu cikin Koluzi daga 2006, daidai lokacin da aka yawaita rabon gidajen sauro masu magani. A kudancin Gana cikin shekara goma ya tashi daga kaɗan ya game kusan duka. Dalili a fili ya ke: magani ya kashe marasa tauri, masu tauri suka rage suka hayayyafa. Amma duk da aron nan, gidajen biyu ba su koma ɗaya ba, ko wanne yana nan da dandalinsa da ruwansa.

Arewacin Nijeriya ba ta kuɓuta ba. An gama madatsar ruwan Tiga a 1974, ta Bakolori a 1978, noman rani ya bunƙasa, jama'a sun sami abinci da sana'a. Amma ruwan da ke raya shinkafa da tumatir shi ke raya tsutsa. A 2014 malaman Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu na Ingila suka bayyana abin da suka samu a Bunkure da Auyo: mafi yawan sauron zazzaɓin da suka tara Koluzi ne, kuma yana da taurin nan ƙwarai.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ba wanda zai ce a bar noman rani. Abin da a ke so shi ne manomi ya san maƙwabcin da ruwansa ya jawo masa, ya shirya.

Na farko, wanda ke zaune kusa da fadama ko hanyar ruwa kada ya naɗe gidan sauro don damina ta wuce. A kwana ciki duk shekara, musamman yara da mata masu ciki. Mai kwana a bukkar gona yana gadi shi ma ya tafi da nasa. Ko sauro ya yi tauri, ragar da ba ta yage ba tana tare shi. Gidan sauro ba na shingen lambu ba ne, ba kuma na kamun kifi ba.

Na biyu, in an kawo sabon irin gidan sauro a karɓa. Saboda taurin nan ne aka ƙera masu magani biyu a haɗe, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi horo da a fifita su a 2023 a wuraren da tsohon magani ya gaza.

Na uku, a lura da ruwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako guda ne zuwa kwana goma in ana zafi. In ana ɗauke wa fangali ruwa ya tsane na 'yan kwanaki sa'an nan a mayar, tsutsa ta kan mutu kafin ta fashe. Amma ƙasa ta bambanta, sai a shawarci malamin gona kan lokacin da shinkafa za ta jure. A baje fangali sosai don kada ruwa ya maƙale a kwari, a yashe magudanai, a toshe inda hanyar ruwa ke yoyo, a cike ramukan tubali da ke bayan gida.

Na huɗu, a yi hattara da maganin feshi. Da yawa daga cikin magungunan ƙwarin gona dangi ɗaya su ke da na gidan sauro. Wanda ya fesa fiye da ƙima, ko ya wanke famfon feshi a kududdufi, ya kashe ƙwarin ruwan da ke cinye tsutsa, ya kuma bar tsutsa mai tauri ta gaji ruwan. Ɗan kasuwa mai sayar da magani ya gaya wa mai saye ma'aunin gaskiya, kada ya ce a ƙara don ya fi ƙarfi.

Na biyar, zazzaɓi in ya kama yaro, ko da rani ne, kada a ce ai ba lokacinsa ba ne. A kai shi asibiti a auna jini a ranar. In ma'aikatan lafiya sun zo rabon ƙwayoyin rigakafi na yara da damina, a ba yaro har kwana ukun su cika ko wane wata. Malaman asibitin ƙauye da akawuna masu riƙe littafi kuma su riƙa rubuta yawan masu zazzaɓi wata-wata, don ta haka hukuma za ta gane garin da cutar ta daina bin damina. In masu bincike sun zo kama sauro a ɗaki ko ɗiban tsutsa a gona, a ba su hannu, don sai an san wane iri ne a gari kafin a san maganin da zai ci shi.

Manomi ya riga ya san gona biyu ba a yi musu noma iri ɗaya, jigawa dabam, fadama dabam. Sauro ma haka ya ke, na tudu da lokacinsa, na fadama da nasa. Wanda ya tare ruwa don shinkafa, ya ɗaura gidan sauro tun ranar da ya buɗe wa fangali ruwa, kada ya jira hadari.